Santimita Arba'in da Bakwai

Ranar Litinin da hantsi ƙaramar hukuma ta aiko wa Bodil Kragelund wata ma'aikaciya mai suna Ditte ta auna mata gida. Aikin Ditte ke nan. Kafin a sallami mutum daga gidan gashin ƙashi, sai ta je ta ga inda zai kwanta, inda zai yi wanka, da inda zai zauna. Ta jingine kekenta a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta karɓi kofi, ta yaba shi, sannan ta naɗe dardumar falo ta ce wannan tarko ce.

A gaban doguwar kujerar falo Ditte ta durƙusa ta ja awo daga ƙasa zuwa mazauni.

"Santimita talatin da takwas," in ji ta. "Ba za ta yiwu ba."

"Shekara arba'in da biyar yana zama a kanta."

"Da tsohon kwatangwalonsa, Bodil. Sabon ba ya son gwiwa ta ɗara shi tsayi. Arba'in da bakwai muke nema, ko fiye. In ya nutse cikin wannan, ƙashin ya goce daga gurbinsa, mun koma gidan jiya."

Mai kwatangwalon shi ne Ejnar, mijin Bodil, mai shekara saba'in da huɗu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da aikin katako a wata makaranta a nan garinsu, Viborg. Mako uku ke nan da aka yi masa aiki. Juma'a za a sallame shi, in gidan ya ci jarrabawa. In ya faɗi, za a kai shi gidan kula da tsofaffi a wani gari, wai na ɗan lokaci. Bodil ta san wannan ɗan lokacin. Maƙwabcinsu na bayan shinge ya tafi na mako biyu bara, da ƙafafunsa, yanzu matarsa ce ke hawa bas ran Lahadi ta je ta tura shi a keke.

Ditte ba muguwa ba ce, ta zo da mafita har biyu. Akwai 'yan gungumen katako guda huɗu da hukuma ke bayarwa kyauta, a saka ƙarƙashin ƙafafun kujerar ta ɗagu. Akwai kuma kujera mai inji, ruwan toka, wadda ake danna maɓalli ta miƙar da mutum tsaye. Ta rubuta su a takarda, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar kyauta.

Da la'asar Bodil ta kai wa Ejnar takardar can gidan gashin ƙashi. Ta same shi zaune bakin gado, sanduna biyu jingine da bango, yana harar teburin gefen gadon saboda an manna masa fatar roba mai zanen katako.

"Gungume," in ji shi. "Ƙarƙashin Hedelund."

"Guda huɗu ne kawai, kuma ba mai gani."

"Ni zan gani. Ki sa wa barewa takalmin soja mana, tsohuwa, ki ce ba mai gani."

Vagn Hedelund sunan mutumin da ya zana kujerar ne tun kafin 1960, lokacin da duk kafintocin ƙasar suka yi ittifaƙi cewa kayan ɗaki su zama sirara, marasa ado, masu ƙafafu kamar tsinken sakace. Ya daɗe da mutuwa, amma a gidan Kragelund ana ambatonsa kamar kawun da zai iya shigowa ba sallama. Kuma ba a gidansu kaɗai ba. A ƙasar nan mutum zai iya barin coci, ya bar jam'iyya, ya bar matarsa, ba mai ɗaga gira. Amma ya taɓa ƙafar irin wannan kujera, to har jikokinsa sai an yi musu gori.

"To ga mai injin," in ji Bodil.

"Wadda ke juye mutum kamar tifa ta kawo yashi? Na ga ɗaya a nan. Jiya ta juye wani tsohon limamin coci, da kofinsa a hannu."

"To me kake so, Ejnar?"

"Ba na son komai. A kai ni can ɗin. An ce suna da lambu."

Ta dube shi. Da gaske yake, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Mutumin da ta yi shekara arba'in da bakwai tana wanke wa safa ya gwammace ya je ya ruɓe a garin da bai san kowa ba, da a ce an ci mutuncin katako. Ta ninke takardar gida huɗu.

"In na samo wata mai tsayin fa?"

Ya miƙa hannu aljihun rigarsa da ke rataye, ya ciro rular kafinta mai naɗewa. Har asibiti ya zo da ita, Allah kaɗai ya san me ya yi niyyar aunawa.

"Ta zamanin Hedelund, ba kwaikwayo ba," in ji shi. "Katako na gaske, haɗi ba ƙusa. Kuma ki sa a kifa ta ki duba tambari. Ba a sayen kujera daga sama."

Talata ta zaga shagunan tsofaffin kaya na Viborg da kewaye. Laraba ta hau jirgin ƙasa zuwa Aarhus da baƙin burodi da niƙaƙƙiyar hanta a jaka. Duk inda ta shiga sai ta durƙusa, ta buɗe rula, ta karanta. Talatin da tara. Arba'in da ɗaya. Arba'in. Wata mai jan katako da ulu kore ta kai arba'in da biyu, Bodil ta sake aunawa har sau uku ko za ta ƙaru. Kujeru ne masu kyau, wannan ba gardama. Amma kamar waɗanda suka ƙera su sun yi rantsuwa ba za su tsufa ba, kuma ba za su bar wani ya tsufa a kai ba. An yi su ne don matasa masu sigari a hannu da ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Matasan nan yanzu sun haura tamanin, waɗanda suka rage, kuma ƙasar kaf cike take da tsofaffi da ke lilo gaba da baya sau uku kafin su miƙe, suna kiran abin wayewa.

Shago na ƙarshe yana cikin wani lungu bayan babban coci. Mai shi, Troels, dogo ne mai gemu, sanye da hular ulu a cikin ɗaki mai ɗumi. Ya bar ta ta auna kujeru uku kafin ya taso.

"Bango kike aunawa ko ƙofa? Muna da ma'aunin kowacce a rubuce."

"Miji nake aunawa."

Ta faɗi sunanta, ta yi masa bayani a taƙaice. Ya saurara da kai a karkace, irin sauraron wanda ke jiran ka gama ya fara.

"Kin ga, Bodil, tsayin nan ba kuskure ba ne. Tunani ne. Sun so mutum ya sauko kusa da ƙasa, ɗaki ya buɗe, haske ya wuce ta saman kayan."

"Hasken ba shi da matsala. Shi yana wucewa."

Ta nuna wata mai zaman mutum uku, ruwan ƙasa, da ta kai arba'in da ɗaya. "Wannan fa? Akwai kafinta a unguwarmu, zai iya cire ƙafafun ya sa masu tsayi. A ajiye na asalin a kwali."

Troels ya matsa ya tsaya tsakaninta da kujerar.

"Ba zan sayar miki ba."

"Na ɗauka shago ne."

"Shago ne. Amma wannan ta shekara sittin da biyar ba wanda ya taɓa ta. Ta fi ni daɗewa a duniya, kuma za ta fi mijinki. Mu riƙon amana kawai muke yi."

"Za ta fi shi daɗewa kam," in ji Bodil, "musamman in ya zauna a kanta."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai manyan kantuna a bakin gari masu sayar da kujerun tsofaffi, kuma ba abin kunya ba ne. Ya faɗi hakan da tausasa murya, wanda ya fi zagi ciwo. Bodil ta yi shekara talatin tana aikin jinya a asibitin haƙori na yara, an cije ta, an yi mata amai a takalmi, ba wanda ya taɓa yi mata magana kamar ta zo satar jariri. Ta tambaye shi banɗaki, don in ta ƙara minti ɗaya a gabansa rular Ejnar za ta yi aikin da ba nata ba.

Banɗakin yana can baya, bayan ɗakin ajiya. A hanyar dawowa ta ga wata doguwar kujera jingine da bango, an jibga mata kwalaye, ga ragowar abincin Troels a gefe ɗaya. Farin katako ce, ƙafafu miƙaƙƙu, hannuwa masu faɗi, mazaunin baƙar fata mai tauri. Bayanta a miƙe yake kamar na malamar makaranta. Bodil ta durƙusa don ta riga ta saba.

Arba'in da takwas.

"Wannan ta waye?" ta ɗaga murya.

Troels ya leƙo. "Wannan? Ba ta cikin kayan shago. A haɗe ta zo da wasu kujeru, dole ta sa na karɓa."

"Wa ya yi ta?"

Ya sosa gemu. "Hedelund, in za a bi takarda."

"Kifa min ita."

Ya sauke kwalayen yana huci, suka kifa ta tare. A jikin katakon ƙasa ga tambarin wuta, sunan Hedelund da shekarar 1961, ga haɗin katako cikin katako, ba ƙusa ko ɗaya. Kusa da shi kuma ga wani tambarin da shuɗin fenti, wanda ya fi na farko girma sau uku: MALLAKAR ASIBITIN GUNDUMA, ƊAKIN JIRA, SASHEN ƘASHI, LAMBA 14.

"Kin gani," in ji Troels. "Kwangila ce. Asibiti ya ba shi ma'auni, ya bi. Ba zanensa ba ne na zuciya. Ba mai son ta. Mutum yana ganinta sai ya tuna ranar da aka kira sunansa."

"Wato sau ɗaya a rayuwarsa ya yi kujerar da mutum zai iya tashi a kai, shi ma sai da aka tilasta masa."

"In haka kike son ki faɗa."

"Wannan za ka sayar min, ko ita ma amana ce?"

Ya faɗi kuɗi, ta biya ba ta taya ba, ya yi alkawarin mota gobe da safe. Har bakin ƙofa ya rako ta yana gaya mata kada ta kuskura ta shafa wa katakon mai, ruwan sabulu kawai. Ta ce masa tana wanke irin katakon nan da sabulu tun yana cikin zanin goyo.

Alhamis masu mota suka kawo ta, suka ɗauke tsohuwar kujerar zuwa ɗakin baya inda Ejnar ke ajiye kayan aikinsa. Bodil ta sa suka bar sabuwar a kife. Ta dama garin sabulu a ruwan ɗumi ta wanke katakon sau biyu, har ya yi fari da laushi. Sannan ta ɗauko takardar goge katako daga akwatin Ejnar ta tsaya a kan shuɗin tambarin. Minti biyar zai ɗauka. Ta daɗe tsaye. Abin da ya hana ta ba tsoron Allah ba ne. Ejnar yana gane inda aka goge katako da yatsa ɗaya, ido a rufe, ya yi shekara talatin da biyar yana kama yara da wannan laifin. Ta mayar da takardar, ta kira maƙwabciya suka juya kujerar, ta dasa 'yar tuta a kan tebur kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo gida a ƙasar nan.

Juma'a da azahar motar hukuma ta sauke shi, Ditte na biye da jakarsa. Direban ya ce zai jira a waje har a gama gwaji, ko za a wuce da shi gidan tsofaffin. Ejnar ya ɗauki lokaci mai tsawo daga ƙofa zuwa falo. Ya rame, wandonsa na yawo a jikinsa. Ya tsaya a gaban kujerar a kan sandunansa biyu, ya dube ta daga wannan hannu zuwa wancan.

Ditte ta auna. "Arba'in da takwas. Madalla, Bodil. To Ejnar, ka juya baya, ka taɓa ta da ƙafa, ka zauna a hankali. Ina so in ga ka zauna ka tashi da kanka, shi ke nan in sallami direba."

Bai juya ba.

"Hannun Hedelund ne," in ji shi a hankali. "Amma ban san wannan ba. Me ke rubuce a ƙasa?"

"Sunansa da shekara. Zauna."

"Wace shekara?"

"Sittin da ɗaya. Zauna, tsoho, ƙafarka na rawa."

"Me ya sa ta yi tsayi haka? Bai taɓa wuce arba'in da biyu ba. An taɓa ƙafafun?"

"Ba a taɓa ba."

"Karanta min."

"Ejnar," in ji Ditte, "bai kamata ka daɗe a tsaye haka ba."

"Yarinya, ban taɓa zama a kan abin da ban san asalinsa ba, ba kuma yau zan fara ba. Da ina iya durƙusawa da ban roƙi kowa ba."

Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Bodil ta san shi: zai tsaya a nan har ya faɗi, kuma in ya faɗi zai ce dabe ne ba daidai ba. Kwana biyu tana durƙusa wa kujerun mutane, gwiwoyinta sun kumbura kamar burodi. Ta cire tabarau daga wuya ta sa, ta dafa hannun kujerar, ta sauka a kan gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan ta kwanta rigingine a kan daben falonta ta tura kai ƙarƙashi. Tana iya karanta rabi ta yi shiru. Ta yi niyyar hakan tun jiya. Amma da ta ga silifas ɗinsa a gefen kunnenta, sai haushin kwana huɗu ya taso mata gaba ɗaya.

"Vagn Hedelund, 1961," ta karanta da ƙarfi. "Mallakar asibitin gunduma. Ɗakin jira. Sashen ƙashi. Lamba goma sha huɗu."



"Kujerar jira," in ji Ejnar. "Mako uku ina jira a layi, a kira sunana, a auna ni. Na dawo gidana kin kawo min ɗakin jira."

"Na kawo maka Hedelund. Shi ka ce. Na auna kujera ashirin da shida, wani mai hula ya kusa kira min 'yan sanda, duk don kada a sa wa gunkinka gungume. Wannan ce kaɗai ya yi wa masu ciwo, ita ce kuma kaɗai kuke jin kunyarta, kai da mai hular. Guragu dubu sun zauna a kanta sun tashi sun tafi gida. Kai ne ka fi su asali?"

"Ba a magana da mutum daga ƙarƙashin kujera, Bodil. Fito."

Ta turo kanta waje, ta yunƙura, gwiwar dama ta ƙi. Ta sake kwanciya. Ditte ta ajiye takardunta ta sunkuyo.

"Kar ki taɓa ni," in ji Bodil. "Ba ke kika kwantar da ni ba."

"Amma ba za ki iya..."

"Ina da miji. Shi ya aike ni nan, shi zai ɗauko ni. In kuma zai bi direba, sai ya tsallake ni, ƙofa tana can."

Ta haɗa hannuwa a kan ciki ta zuba wa silin ido. Akwai yanar gizo-gizo a jikin fitilar, ta lura.

Ejnar ya dubi hannunsa na dama, da sanda. Ya dubi na hagu, da sanda. Mutum ne da ya koyar da aikin hannu, ba ya buƙatar a gaya masa sai ya zauna zai sami hannun ɗago ta. Ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ya juya a hankali, taku ɗaya, taku biyu, har bayan ƙafarsa ya taɓa katakon. Ya miƙa wa Ditte sandunan ba tare da ya dube ta ba, ya dafa faffaɗan hannun kujerar, ya sauka. Fatar ta ɗan yi ƙara. Bai nutse ba.

"Kawo hannu, tsohuwa."

"Kada ka sunkuya," in ji Ditte da sauri. "Bayanka a miƙe."

"Kujerar ba ta barin mutum ya sunkuya," in ji shi da ɗaci.

Bodil ta kama hannunsa da ɗaya, ta kama ƙafar kujerar da ɗayan, ta ja jiki ta zauna, sannan ta hau gwiwa, sannan ta miƙe tana nishi. Yawancin aikin kujerar ce ta yi, amma ba wanda ya faɗa.

"Saura tashi," in ji Ditte.

Ya dafa, ya tura, ya miƙe. Ba lilo, ba yunƙuri na biyu. Shi kansa abin ya ba shi mamaki, ya yi maza ya ɓoye. Ditte ta sa ya maimaita sau biyu, ta yi rubutu, ta sa takalminta ta fita ta gaya wa direba ya tafi.

Ejnar ya koma ya zauna. Yatsansa na bin gefen hannun kujerar, inda dubban tafuka suka lallashe katakon ya yi santsi.

"Sabulun ya yi yawa," in ji shi.

Bodil ta shiga kicin. Ta kawo kofi da kek ɗin da ta gasa da safe, ta ajiye kusa da tutar, ta zuba masa, ta zuba wa kanta. Sai a lokacin ta tuna, duk awon da ta yi, ba ta taɓa zama a kan kujerar ba. Ta zauna a gefensa, ta jingina da miƙaƙƙen bayan.

Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Suna reto, tazarar yatsa uku tsakaninsu da dabe.

Ejnar ya leƙa, ya kurɓi kofinsa.

"Ki tambayi yarinyar," in ji shi. "Na ji an ce suna ba da gungume kyauta."